Daga Tabban Haƙiƙa Zuwa Waƙoƙin Sawaba

Masu nazarin waƙoƙin turjiya a ƙasar Hausa sukan fara lissafi daga ranar 8 ga Agusta 1950, ranar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, sai ka ce kafin nan bakin talaka a ɗinke yake. A ganina sun makara da fiye da shekara ɗari. Al'adar gaya wa mai mulki gaskiya a cikin baiti ta girmi kowace jam'iyya, kuma tsarin waƙar ya fi zafin kalmominta taimaka mata wajen daɗewa.

Hujjar tana cikin waƙar Tabban Haƙiƙa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsara ta da Fulatanci bayan jihadin da aka fara a 1804 ya kai ga nasara, wato lokacin da sarakunan Haɓe suka riga suka faɗi, mulki ya dawo hannun jama'arsa. Saboda haka gargaɗin da ke cikinta a kan cin dukiyar talaka da karkatar da shari'a, da mutanensa yake, masu tuta da alƙalai da hakimai. 'Yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi, ya ɗora ɗango uku a kan kowane biyu, baiti ya zama ƙwar biyar. A lura da yadda aka gina ta: a ambaci laifi, a ambaci sakamakonsa a lahira, a rufe da kalmomi biyun nan da suka zama sunan waƙar, sannan a koma kan wani laifin. Mai sauraro da bai san baƙi ko wasali na ajami ba, in ya ji baiti uku ya san inda na huɗu zai sauka, sai bakinsa ya riga mai rerawa. Amsa-amo da kari su ne suka ɗauke wa takarda aikinta. Ta irin wannan hanya jajin da Asma'u ta naɗa, da malfarsu a ka, suka riƙa kai waƙoƙi ƙauyuka suna biya wa mata 'yan taru har su haddace.

Za a iya cewa wannan ai wa'azi ne, kuma wa'azin da ke ɗage hukuncin azzalumi sai ranar gobe haƙuri kawai yake koya wa wanda aka zalunta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don ba a rasa masu mulkin da irin wannan haƙuri ya yi musu daɗi. Amma waƙar ta ba talaka ma'auni, ma'aunin da sarki ba shi da bakin musantawa, domin daga tutar Shehu sarautarsa ta samo asali. Wanda ya hana rera gargaɗin Shehu ya sare reshen da yake zaune a kai. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903 suka bar sarakuna a kan gadonsu ƙarƙashin En'e, da kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk a hannunsu, wannan ma'auni ne ya rage wa mai ƙorafi.

'Yan Sawaba, wato 'yan NEPU, sun gane haka sarai. Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur malamai ne 'ya'yan malamai, kuma da harshen Shehu suka ƙalubalanci jikokin masu tuta. Sa'adu, wanda ya rasu a 1958, a cikin Arewa Jumhuriya ko Mulukiya bai nemi a rushe sarauta ba, gyara ya nema. Mudi Sipikin ne ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai. Ko gardamar cikin gida ma a baiti aka yi ta. Dalilin a fili yake: lacca sai da iznin En'e, takarda ana iya ƙwace ta, mai lacca ana iya ɗaure shi, amma amshin da ya shiga bakin teloli da mahauta da 'yan koli ba ɗan dokar da zai iya kama shi.

Akwai masu cewa waƙoƙin jam'iyya cike suke da zambo da habaici, jam'iyyar NPC ma tana da nata mawaƙan, kuma a zaɓen tarayya na 1959 kujera 8 kacal NEPU ta samu a gaban 134 na NPC. Zambon kam akwai shi, wani ma bai da daɗin maimaitawa. Sai dai auna waƙar juriya da zaɓe ɗaya kuskure ne, tunda aikinta riƙe ƙorafi da rai har ranar da za a iya biyansa. Haraji da jangali, waɗanda Shehu ya kawo irinsu cikin laifuffukan sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙi, su ne 'yan Sawaba suka yi ta kuka da su, kuma su ne Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke bayan jam'iyyarsu ta PRP ta ci jihohin biyu a 1979.