Gidajen Ajiye Abin da Ido Ya Ƙi

A al'ada, gidan kayan tarihi wuri ne da al'umma ke adana abin da take alfahari da shi, kamar takobin sarki, ko rigar da aka shafe shekara ana yi mata aiki, ko littafin da wani shaihin malami ya rubuta da hannunsa. Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano ya san haka. Amma akwai wani irin gida dabam, inda da gangan ake tara kayan da masana suka yanke wa hukuncin muni, a kuma buɗe ƙofa jama'a su zo kallo. Wannan al'ada ta samo tushe a Ingila, kuma kayan birane biyu na cikin abin da ya jawo ta, watau Mancesta da Bamingam.

A tsakiyar ƙarni na 19 Mancesta ce masaƙar duniya, Bamingam kuwa maƙerarta. Yadin Mancesta ya kai inda ba a zato, don kuwa Heinrich Barth ya tarar da shi a kasuwar Kano a shekarar 1851. Bamingam ta yi suna wajen ƙera tarkacen ƙarfe da kayan ado masu araha, har sunan da mutanen garin ke kiransa da shi ya zama kalmar da Turawan Ingila ke nufin jabu da ita. A wannan shekara ta 1851 aka yi babban baje kolin duniya a Landan. Jama'a sun yi ta mamakin abin da injuna ke iya yi, amma wasu masana sun koma gida da kunya, suna cewa Ingila ta iya ƙera kaya da yawa, sai dai ba ta da idon gane kyau.

Cikin masu wannan ra'ayi akwai wani ma'aikacin gwamnati, Henry Cole. A 1852 ya buɗe gidan kayan fasaha a Marlborough House, ya kuma ware hanyar shiga ya jera kaya 87, kowane da bayanin laifinsa. Ƙa'idarsa ita ce ado ya dace da aikin abin da aka ƙawata. Kilishi abin takawa ne, saboda haka kada a saƙa masa furanni kamar masu rai, tunda ba a taka fure. Bango shimfiɗaɗɗe ne, kada a manna masa takarda mai hoton gini da bishiyoyi. Daga cikin kayan har da yadudduka masu manyan furanni, da wata fitilar gas da kamfanin R. W. Winfield na Bamingam ya ƙera, wadda wuta ke fitowa daga cikin furen gilashi. Nufin Cole shi ne mutum ya fara ganin mummuna, ya tsane shi, kana ya wuce ciki ya koyi mai kyau.

Abin bai tafi yadda ya so ba. Mutane suka laƙaba wa wurin suna ɗakin ban tsoro, suka riƙa cincirindo a nan, da yawa kuma suka gane kayan ɗakunansu ne aka rataye. Mujallar Charles Dickens ta buga wani labarin barkwanci na mutumin da ya je kallo, ya tarar da irin yadin wandonsa a jikin bango, daga nan bai sake samun kwanciyar hankali a gidansa ba. Masu masana'antu suka fusata don an zubar wa hajarsu mutunci, ba a daɗe ba aka kwashe kayan. Ni a ganina Cole yana da gaskiya a kan fitilar, amma ya manta cewa matar da ta tara kuɗi ta sayi kilishi mai furanni ba darasi take nema ba, lambu take so a ɗakin da hayaƙin masana'anta ya hana fure tsirowa a ƙofarsa.

To, ina attajiran da suka yi arziki da waɗannan kaya? Su ma nasu idon bai tsira ba, sai dai hukuncinsu ya zo a makare. Unguwar Whalley Range da ke kudancin Mancesta fadama ce a da, har sai da wani mai banki, Samuel Brooks, ya saye ta a shekarun 1830, ya janye ruwan, ya yanka filaye don masu hali. A maƙwabciyarta Old Trafford aka yi gagarumin nunin zane-zane na 1857, inda aka baje ayyuka wajen 16,000, mutum fiye da miliyan ɗaya suka je kallo. A wannan zamani Sam Mendel, mai fataucin yadi zuwa Indiya, ya zauna a katafaren gidansa Manley Hall a Whalley Range, ya cika shi da zanen mashahuran masu zane na lokacinsa. Bayan buɗe mashigin Suwes a 1869 kasuwancinsa ya karye, a 1875 kuma aka yi makonni ana gwanjon kayansa. Gidan ma an rushe shi a farkon ƙarni na 20, ɗan filin shaƙatawa na Manley Park kaɗai ya rage.

Da Mendel ya yi tsawon rai, da ya ga abin da ya fi gwanjo ciwo. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya masana suka juya wa zanen zamanin Sarauniya Biktoriya baya, suka ce zaƙinsa ya yi yawa, kwalliya ce ba tunani. Gidajen tarihi suka sauke irin waɗannan hotuna zuwa ɗakunan ajiya. Zanen Frederic Leighton mai suna Flaming June, na 1895, ya rasa mai so a Ingila, har wani attajiri daga Fotoriko ya saye shi a 1963 kan fam 2,000 kacal. Yanzu yana cikin zanen wancan zamani da aka fi sani a duniya, alhali ko ɗigon fenti ba a ƙara masa ba.

Jamus ta ɗauki tunanin Cole da muhimmanci fiye da Ingila. A 1909 Gustav Pazaurek ya buɗe sashen ɓataccen ado a gidan kayan sana'a na Stuttgart. Wannan bai cuci kowa ba. Wanda ya cuta shi ne na birnin Munik a 1937, sa'ad da gwamnatin Hitila ta ƙwace ayyuka wajen 650 daga gidajen tarihin ƙasar, ta rataye su a cunkushe, da rubutun izgili a bango, ta ce lalatacciyar fasaha ce. Kimanin mutum miliyan biyu suka je kallo, ninkin-ba-ninkin waɗanda suka je nunin zanen da gwamnati ta yarda da shi. Masu ayyukan kuwa, wasu an kore su daga koyarwa, wasu an hana su zane, wasu sun yi gudun hijira. A nan kalmar muni ta zama makamin hukuma.

Na zamaninmu ya sha bamban da duk waɗannan. A farkon shekarun 1990 wani dillalin tsofaffin kaya a Boston ta Amurka, Scott Wilson, ya tsinci wani zane a shara, hoton tsohuwa cikin filin furanni. Firam ɗin yake so, amma abokinsa Jerry Reilly ya ce a bar masa zanen. Daga nan aka kafa gidan munanan zane-zane, wanda ya yi shekaru a ƙarƙashin wani gidan silima a Dedham, dab da makewayin maza, a 2022 kuma ya sami mazauni a unguwar Dorchester. Sharaɗinsu shi ne ba sa karɓar aikin yara ko wanda aka ɓata da gangan. Sai wanda mai shi ya sa zuciyarsa, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, hannu ya ƙi bin niyya. Ina jin nan ne sirrin farin jininsa yake, domin gwanin zane yakan ɓoye wahalarsa, wanda bai iya ba kuwa komai nasa a fili yake, kuma mai kallo yakan ga kansa a ciki. Mafi yawan abin da ake kai musu ma mayarwa suke yi, wai bai kai munin da ake bukata ba.

Gidan da Cole ya kafa ya koma South Kensington a 1857, a 1899 aka sa masa sunan Biktoriya da Albat. Fitilar nan ta Bamingam tana cikin kayansa har yau, da lambar rajista da masu kula da ita, daidai da sauran kayan da aka saya don kyansu.