Lauyan da ya leƙa cikin kifi

A kudancin Ingila akwai koguna biyu, Test da Itchen, masu ruwa garau, har kana hango kifin tirawut daga gaɓa. Masu fatsar tirawut a can ba sa amfani da tana. Gashin tsuntsu da zare suke ɗaura wa ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, sannan su wurga ta.

A 1886 Frederic Halford ya fitar da littafinsa na farko kan wannan fasaha, kafin a ce me koyarwarsa ta zama doka: ƙwaron bogi ya kasance busasshe, yana yawo a bisa ruwa. Wanda duk ya nutsar da nasa, kallon mara tarbiyya ake yi masa.

Ni kuwa George Skues nake girmamawa, lauyan Landan da ya fara fatsa a Itchen, kusa da Winchester, a 1883. Ya lura sau da yawa kifi kan tunkuɗo ruwa ba tare da ya taɓa ƙwaron da ke sama ba. In ya kama kifi, sai ya zura masa siririn cokalin ciro ɓargo, ya juye abin cikinsa a farin faranti. Galibi ƙwari ne da ba su kai ga buɗe fukafukai ba. A ƙasan kogi suke girma, su taso, su maƙale daf da saman ruwa suna fama da kwasfarsu. Ba damar tashi, ba damar komawa. Nan kifi ke samun banza.

Skues ya yi rubutu kan kifin da ke kiwo a ƙarƙashin ruwa a littafinsa na 1910, ya riƙa ɗaura ƙugiyar da ke nutsewa kaɗan. Almajiran Halford ba su yafe masa ba. A 1938 aka yi muhawara a kulob ɗin masu fatsa na Landan, manya suka taru a kansa. A shekarar ya bar Itchen yana ɗan tamanin.

Amma gani ya kori ji. A 1984 Hans van Klinken, mutumin Holan, ya ɗaura ƙugiyarsa ta Klinkhamer a Norwe: kai a sama, gangar jiki a rataye cikin ruwa, daidai halin ƙwaro mai fita daga kwasfa. Yau da wuya ka buɗe akwatin mai fatsar tirawut ba ka ga irinta ba. Skues ya rasu a 1949 bai ga haka ba, kuma abin yana yi mini ciwo, domin laifinsa kawai shi ne ya tambayi kifi maimakon manya.