Dokin Girardon da Likkafar Zamfara

A watan Disamba na 1692, a birnin Paris, maƙeri Balthazar Keller ya narka tagulla ya kwarara ta a zubi guda, ya fito da mutum-mutumin Sarkin Faransa Louis na 14 bisa doki, tsayinsa kusan mita 7. François Girardon ne ya tsara siffar, kuma sunansa ake ambato har yau. Wanda ya sha zafin wutar sai masu bincike ke tuna shi.

Ana yawan cewa ƙasar Hausa ba ta bar irin wannan aiki ba don ba ta da gwanintarsa. Wannan magana ba ta da tushe. Dabarar da Keller ya bi ita ce ta maƙeran fari: a siffata abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya tsiyaye, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Bambancin girma ne da dukiyar da aka kashe. Siffata mutum ma ba baƙon abu ba ne a wannan yanki, ga mutum-mutumin yumɓu da aka tono a Kwatarkwashi, ga kuma waɗanda matan ƙasar Zuru, maƙwabtan Gummi da Bukkuyum, suke ɗorawa bisa kaburbura.

Musulunci ya hana gunki, wannan gaskiya ne, amma bai kashe sana'ar ba, akalarta ya juya. Abin lura, Girardon ya ɗora sarkinsa cikin shigar Rumawa, ƙafafunsa na reto, babu likkafa. A nan kuwa likkafar ce aikin. Duk wanda ya tsaya kusa da dawakin Sarkin Zamfaran Anka ko na Sarkin Mafaran Gummi ranar hawan salla, ya duba ƙasa: faffaɗar likkafa mai zane, wadda duk tafin ƙafa ke zama cikinta, da linzami, da ƙarafan da ke ƙyalli a goshin doki. Sarautar Faransa ta daskarar da dokinta a dandali, tamu ta yi wa mai rai ado.

An kafa dokin Girardon a 1699, 'yan juyin juya hali suka tumɓuke shi a Agustan 1792 aka narkar. Ƙafar hagu ta sarkin ta tsira, da ƙaramin kwafi a gidan tarihi na Louvre. Duk da haka an san wanda ya tsara da wanda ya zuba, domin an rubuta. Ɗaliban tarihi na jami'o'in Gusau da Sakkwato su shiga maƙera su tambayi dattawa: likkafar fada, wa ya zuba ta?