Ƙurar Tawa da Duwatsun Adar

Duk wanda ya san Tawa ya san hunturunta. Daga Nuwamba zuwa Maris iska kan taso daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke fitowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta rufe gari har rana ta koma kamar faifan azurfa. A wannan lokaci ne tari da ciwon ido ke yawaita, a nan ne kuma sanƙarau ya saba ɓulla. In aka haɗa da hayaƙin itacen girki da na baburan kabu-kabu, an gama lissafin abin da ɗan birni ke shaƙa. Ƙurar Cadi ba mai iya tare ta. Amma akwai wadda ke tashi daga fakon Adar kansa, kuma tarihin yaƙi da ita a ƙauye aka rubuta shi.

Adar ta daɗe da sanin fari. Tsofaffi sun ba da labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Sai dai farin 1973 da na 1984, wanda talakawa suka laƙaba wa El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, su ne suka tuɓe tuddai. Itatuwa suka mutu, waɗanda suka tsira aka sare aka kai kasuwar Tawa. Barmu da sauran garuruwan arewacin Adar, da ke kusa da iyakar noma wadda dokar 1961 ta shata, sun ga gonaki sun zama fako, ruwan sama na zuba ya wuce bai jiƙa ƙasa ba.

A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don karya ƙarfin iska. A watan Mayun 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta kira taron Maradi kan gurgusowar hamada, kuma a shekarar ce aikin Keita ya kankama da kuɗin Italiya, ƙarƙashin hukumar FAO. Kafin 2002 an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa fiye da eka 30,000.

Rahotanni sun fi ambaton masu ba da kuɗi. A ganina mata ne ya kamata a fara ambata. Da rani mazan Adar kan tafi cin rani Abijan ko Najeriya, saboda haka mata ne mafi yawa a filin aiki: su ke fasa dutse, su ɗauko a ka, su jera shi a gicciye kan gangare don ruwa ya tsaya, ladansu kuwa abinci ne daga hukumar PAM. Daga baya, a 1989, wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka dawo suka gyara tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba wa taki a shuka hatsi a ciki. Dabarar ta bazu daga gona zuwa gona, har fakon da a da ba mai so ya shiga ciniki.

Birnin kuwa nasa ƙoƙarin bai kai na ƙauye ba. Ana dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta, an kuma yi ta tallan gas da murhu mai tsimin itace, amma har yau akasarin tukwanen Tawa a kan itace suke dahuwa, itacen kuma daga dajin yake shigowa, a kan jakuna da amalanke.