Gasar Kofin Duniya da sirrin baƙi: daga Katar zuwa Saudiyya

Lokacin da matasan Birnin Kudu da Gwaram ke cika gidajen kallo domin gasar cin Kofin Duniya ta 2022, wata muhawara na gudana a Turai kan haƙƙin baƙin da suka shiga Katar da na leburorin da suka gina filayen wasan.

Katar ta wajabta wa duk baƙon da zai halarci gasar ya mallaki katin Hayya, wanda ke da manhajarsa a waya, ga kuma Ehteraz, manhajar bibiyar masu korona. Hukumomin kare bayanai na Jamus da Faransa da Norway sun yi gargaɗin cewa manhajojin na iya kwasar bayanai fiye da kima, har wasunsu suka shawarci matafiya su tafi da wayar da ba a ajiye komai a cikinta ba.

A ranar 24 ga Nuwamban 2022, Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ta zartar da ƙuduri wanda ya yi tir da mutuwar leburori 'yan ci-rani, ya kuma nemi FIFA da Katar su biya iyalansu diyya. Ƙudurin ba ya da ƙarfin doka. Makonni biyu bayan haka aka kama mataimakiyar shugabar majalisar, Eva Kaili, bisa zargin karɓar na-goro daga Katar, zargin da ita da Katar suka musanta.

Duk da haka matsin lambar da aka daɗe ana yi bai tafi a banza ba. Tun 2020 Katar ta bai wa lebura damar sauya wurin aiki ba sai da yardar ubangidansa ba, ta kuma tsayar da mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata.

Yanzu hankali ya koma Saudiyya, wadda FIFA ta bai wa gasar 2034 a ranar 11 ga Disamban 2024, duk da wasiƙar da sanatocin Amurka biyu, Ron Wyden da Dick Durbin, suka rubuta suna neman kada a ba ta.

Nan ne batun ya iso gida. Saudiyya ƙasa ce da mutanen Jigawa ke zuwa aikin hajji da umara da neman abin kai wa bakin salati, kuma duk mai neman biza sai an ɗauki hoton yatsunsa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, haka ma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan 'yan Najeriya zuwa waje. Sa ido kan aiwatar da ita aikin Majalisar Tarayya ne, ciki har da wakilan mazaɓun Birnin Kudu/Buji da Gwaram.