Kuben Ƙaramar Bindiga: Yadda Masu Sha'awa Suka Raya Dukancin Amurka

A Amurka akwai mutane masu yawa da idan sun taso daga aiki sai su zauna da ƙirgi da basilla da zare mai kaki, su shafe maraice suna ɗinka wa ƙaramar bindiga kube. Ba da shi suke ci ba, sha'awa ce. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wannan wani reshe ne na son bindiga da aka san Amurkawa da shi, amma tarihi ya nuna asalinsa dukanci ne, dukancin masu sirdi, kuma waɗannan masu sha'awar su ne suka riƙe sana'ar bayan kasuwa ta juya mata baya.

Tun farko kuben na doki ne kafin ya zama na mutum. Bindigar Colt Walker ta 1847 nauyinta ya kai kilo 2, don haka a gaban sirdi ake rataye ta. Sai da aka fito da mai sauƙin ɗauka, irin Colt Navy ta 1851, sannan ta koma ƙugu, kuma a daidai lokacin ne jama'a ke tururuwa zuwa Kalifoniya neman zinariya. Dukawan can suka yanka wani siririn kube mai bin jikin bindigar, wanda har yau ake kiransa da sunan jihar. A shekarun 1870 harsashi mai kwanson ƙarfe ya yaɗu, mutane suka fara ɗaura ɗamara mai faɗi da ake jera harsasai a jikinta, sai tsohon kuben ya kasa shiga. Daga nan aka sami salon da ake dangantawa da Meziko: fata guda, a naɗe bayanta ta hau kan ɗamarar, a tsaga ta a zura kuben a ciki. Duk waɗannan ayyuka a shagon mai sirdi aka yi su. F. A. Meanea na garin Cheyenne da S. D. Myres na Texas, waɗanda masu tara kayan tarihi ke neman aikinsu a yau, sirdi da linzami ne babban cinikinsu, kube kuwa ɗan aikin gefe ne.

Sai mota ta zo. Wajen 1920 dawaki da alfadarai a gonakin Amurka sun kai kimanin miliyan 25, zuwa 1960 kuwa sun koma kusan miliyan 3. Inda babu doki babu mai sayen sirdi, kuma shagon da aka rufe ba ya yaye almajiri. Abu biyu ne suka tare wannan faɗuwa. Na farko finafinan kaboyi: kuben nan da ke lilo a cinya, wanda jarumi ke zare bindiga daga ciki kamar ƙiftawar ido, yawanci ƙirƙirar ƙarni na 20 ce, domin makiyayan gaskiya a saman ƙugu suke ɗaura nasu don kada ya dame su a kan doki. A shekarun 1950 wani mai suna Arvo Ojala ya sa ƙarfe a cikin fatar don bakin kuben ya tsaya a buɗe, 'yan wasan Hollywood suka ɗauka, masu kallo kuma suka so irinsa. Na biyu, wanda ya fi nauyi a ganina, shi ne kamfanin Tandy na Fort Worth. An kafa shi a 1919 yana sayar wa masu gyaran takalma fata. Charles Tandy ya ga yadda ake koya wa sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu aikin fata a asibiti, sai ya karkata kamfanin ga sayar wa mutanen gida fata da kayan aiki da takardun awo. Littattafan Al Stohlman, har da wanda ya ware wa ɗinkin kube a 1962, sun zana abin da a da sai an yi shekaru a gaban maigida ake koyo.

Wanda ya kalli aikin da kyau zai ga hannun mai sirdi a kowane mataki. Fatar da ake so ita ce ta sa wadda aka jeme da ɓawon itace, mai kaurin milimita 3 ko kusa, domin ita ce idan an jiƙa ta take karɓar siffa ta kuma riƙe ta bayan ta bushe. Hikimar ɗaya ce da ta majemanmu da ke jima da bagaruwa, da dukawan da ke yi wa wuƙa da takobi kube. Bayan an ɗinke, sai a jiƙa fatar, a zura bindigar roba mai siffar ta gaske, a riƙa murza ta da guntun ƙashi mai santsi har kowane lungu ya fito, sannan a bar ta ta bushe a inuwa. Ɗinkin kuwa da allura biyu ake yi a kan zare ɗaya, kowace ta bi ramin da basilla ta huda daga nata ɓangaren. Idan zare ya tsinke a wuri ɗaya, ɗan'uwansa na riƙe, abin da ɗinkin keke ba ya yi.

Akwai masu cewa wannan wahalar banza ce tunda ga Kydex, roba mai tauri da aka ƙirƙira a 1965, wadda ba ta shan gumi, ba ta saki, kuma a 'yan mintuna ake gasa ta ta ɗauki siffa. Suna da gaskiya a kan 'yan sanda da sojoji, kuma yawancinsu sun koma ga robar. Amma wannan hujja ce a kan abin da hukuma za ta saya, ba ta taɓa batun wanda zai riƙe ilimin ba, domin masana'antar roba ba ta koya wa kowa jima ko ɗinki. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na hatsari. Kuben da fatarsa ta yi laushi na iya lanƙwashewa ya taɓa kunamar bindiga lokacin mayar da ita, ta tashi a jikin mai ita. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma ɗan koyo da ya yi amfani da fatar jaka mai taushi ya ɗinka wa wani masifa. Sai dai maganinsa yana cikin sana'ar kanta: ƙirgi mai tauri, kunama a rufe ruf, baki mai ninki, da jefar da kube idan ya tsufa ya saki.

Daga cikin masu sha'awar ne ma aka sami manyan masu sana'ar daga baya. John Bianchi ɗan sanda ne a Kalifoniya da ya fara ɗinki a gida a ƙarshen shekarun 1950, kafin sunansa ya zama na ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kube a Amurka.