Takardu Uku, Mutum Ɗaya: Yadda Littafin Zango Ya Warware Mana Asalinmu

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wata rigima da ta taso a gidanmu bayan rasuwar baffanmu, Allah ya jiƙansa. Da aka buɗe adakarsa domin rabon gado, sai muka tarar da takardu uku, kowacce da irin labarin da take bayarwa. Katin makarantar firamare ya ce an haife shi a 1949. Takardar rantsuwar shekaru ta kotu ta ce ranar 1 ga Janairu, 1952. Fasfon da ya yi aikin Hajji da shi kuwa ya ce 1945, a Kano, alhali kowa ya san a nan Ibadan aka yanke masa cibiya. Sunan mahaifi ma bai zo ɗaya ba. To, gida ne ake batun rabawa, kuma ga yara na neman takardar shaidar ƙaramar hukuma, nan a ce musu su tafi Arewa, can a ce ba a san su ba. Dole muka shiga bincike.

Katin makaranta bai ba mu wuya ba. A 1955 gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta fara ilmin firamare kyauta, ana ɗaukar 'yan shekara shida. Wanda ba shi da takarda, sai a ce ya ɗora hannu bisa ka ya taɓo kunne. Duk yaron da aka rubuta a shekarar, ko da ya fara gemu, 1949 za a ba shi. Ita kuwa 1 ga Janairu, ai ranar haihuwar duk wanda bai san ranarsa ba ce, kuma rage shekaru don aikin gwamnati ba sabon abu ba ne. Kada mu manta, dokar da ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya tilasta rajistar haihuwa a ƙasa baki ɗaya sai a 1992 aka yi ta. Batun Kano kuma, a wurin akawu na wancan lokaci duk Bahaushe Gambari ne, duk Gambari kuma daga Kano yake.

Haka sunaye suka sha wuya a hannun akawuna. Usmanu ya koma Sunmonu, Ibrahim ya koma Buraimo, Abubakar ya zama Bakare, Ahmadu ya zama Amodu. Mai neman kakansa a tsofaffin takardun Ibadan, in bai san wannan ba, zai wuce shi ya ɗauka Bayarabe ne.

Da takardun boko suka gaza, sai muka koma wurin wata gwaggonmu da ta haura tamanin. Ta ce ita dai abin da ta ji a bakin manya, an haife shi cikin azumi, shi ya sa ake ce masa Ɗan'azumi, kuma shekarar ce rana ta yi husufi har kaji suka shiga akurki. Husufin nan sananne ne, ranar 20 ga Mayu, 1947 aka yi shi, azumin shekarar kuwa ya kama cikin Yuli. Sannan ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ku dai je ku tambayi gidan da kakanku ya yi dillanci, su ke da littafi."

A nan ya kamata yaranmu su san yadda kasuwar take a da. An kafa Sabo a 1916, kuma shanu da goro su ne ƙafafun da ta tsaya a kai. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, saboda haka shanu iri biyu ke zuwa: na jirgi, da na ƙasa waɗanda ake korowa makonni, a ƙetare Kwara ta Jebba, a biyo Ilori da Ogbomosho. Unguwar da Yarabawa ke kira Sango, ai zango ne. Sa ba ya daɗewa a kurmi saboda tsando, in bai sayu da wuri ba sammore ta kama shi, sai asara. Mahauta Yarabawa kuma ba su da kuɗi a hannu, sai sun yanka sun sayar. Don haka ciniki duk bashi ne. Falke ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in mahauci ya ci amana. Bature Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963, ya rubuta cewa shanu wajen 75,000 ake sayarwa a kasuwar duk shekara. Irin wannan bashi ba ya riƙuwa a ka, shi ya sa manyan masu gida ke da malamin da ke rubuta musu komai.

Littafin da aka fito mana da shi daga cikin wata tsohuwar adaka, gara ta ci gefensa, da ajami aka rubuta shi. Kwana uku muna bi da wani malami mai tabarau. Yawanci sa kaza, mahauci wane, saura fam kaza. Can cikin watan Ramalana na 1366 sai ga layi guda: an cire kuɗin ragon suna daga ladan wani mai koro shanu, Ba'adare. Hijira 1366 ita ce 1947. Bayan shafuka kaɗan aka daina ganin sunan mutumin, sai wata 'yar rubutu a gefe mai nuna cewa ya rasu a hanya wajen Jebba, an kuma ba dillali riƙon ɗansa. Dillalin nan shi ne wanda muka tashi muna kira Kaka.

Ashe baffanmu ɗan riƙo ne. Riƙo kuwa a Sabo ruwan dare ne, har gidan da ba a yi shi ba shi ne abin tambaya, kuma kunya ta hana manya faɗa. Shi ya sa wata takarda ta ɗauki sunan uban da ya haifa, wata ta ɗauki na wanda ya rena.

Ba za mu ɓoye muku ba, abin ya ɗaga hankali. Wasu a gidan suka ce a rufe maganar, tun da Adar a Nijar take, wajen Tawa, kada a ce yaran baƙi ne. Mu dai ba mu ga abin tsoro ba. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya amince da wanda aka haifa a ƙasar nan kafin mulkin kai, muddin ɗaya daga iyaye ko kakanninsa ɗan wata al'ummar Nijeriya ne, mahaifiyar baffa kuwa Bazazzagiya ce. Batun gado muka kai wa malamai. Suka ce ɗan riƙo ba ya gado a shari'a, amma ɗakuna biyu da Kaka ya ba shi tun yana raye a gaban shaidu kyauta ce, ta tabbata ga 'ya'yansa. A kan haka aka shafa fatiha.

Mun ɗauki hoton littafin shafi-shafi da izinin masu shi, mun ajiye kwafi a ofishin ƙungiya. Akwai sunayen masu koro da dillalai da yawa a ciki, wasu da garuruwansu, wasu da laƙabi kawai. Duk wanda kakansa ya yi harkar zango, ya zo ranar Asabar bayan La'asar, malamin da ya karanta mana zai zauna.